Tsagewar Ganda: Yadda Rufin Bakin Jariri Ke Haɗewa a Cikin Mahaifa

Ganda, wato rufin da ya raba baki da hanci, ba a haɗe take farawa ba. Wajen mako na 6 zuwa na 7 na juna biyu, wasu ɓangarori biyu na tsoka ke tsirowa a gefen harshen ɗan tayi, suna kallon ƙasa. Daga nan sai su ɗago, su miƙe sama da harshen, su haɗe a tsakiya kafin ƙarshen mako na 12. Idan haɗuwar ta gaza, sai a haifi jaririn da tsagaggiyar ganda, sau da yawa har da leɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsagewar leɓe ko ganda na samun jariri ɗaya cikin 1,000 zuwa 1,500.

Saƙonnin sinadarai da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna ne ke tafiyar da aikin. Fatar da ta lulluɓe ɓangarorin na fitar da sinadarin SHH, tsokar ciki kuma ta mayar da FGF10. Kowane saƙo kan ratsa zuwa cibiyar ƙwayar, ya kunna wasu ƙwayoyin gado, ya kashe wasu. Mataki mafi tsauri shi ne na ƙarshe: dole fatar da ke tsakanin ɓangarorin ta narke kafin su zama ɗaya, kuma sinadarin TGF-β3 ne ke ba da wannan umarni. Ɓerayen gwaji da aka cire wa shi, da gandar a buɗe ake haihuwarsu.

A 2019, binciken da Farfesa Azeez Butali, ɗan Najeriya a Jami'ar Iowa ta Amurka, ya jagoranta a Najeriya, Gana da Habasha ya danganta tsagewar ganda da wasu wurare biyu a ƙwayoyin gado. Shan taba, ciwon sukari da wasu magungunan farfaɗiya su ma kan dagula saƙonnin, sau da yawa kafin mace ta fara zuwa awon ciki. Husufi ko aljanu, da wasu ke zargi, ba su da hannu.

Jaririn kan kasa tsotso, nono ya riƙa fitowa ta hanci, abin da ke jawo rama. Ga iyaye a Yelwa da sauran unguwannin Bauchi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ne babban asibitin da ke kusa. Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato ma na gyaran irin wannan tsaga. Akan ɗinke leɓe yana wata 3 zuwa 6, ganda kuwa tsakanin wata 9 zuwa 18, kafin magana ta kama bakin yaro.