Tallafin Tsabar Kuɗi Ga Iyaye Mata Marasa Muhalli: Abin Da Ya Faru A Toukra Ta Ƙasar Chadi

Tallafin tsabar kuɗi hanya ce ta agaji wadda ake damƙa wa wanda bala'i ya shafa kuɗi a hannunsa, maimakon buhun hatsi ko bargo, domin ya sayi abin da ya fi buƙata da kansa. Tun bayan Taron Ƙoli na Ayyukan Jinƙai da aka yi a Istanbul ta ƙasar Turkiyya a watan Mayun 2016, manyan hukumomin agaji suka yi alkawarin faɗaɗa wannan hanya. Cikin waɗanda ta fi yi wa rana akwai matan da suke riƙe da 'ya'ya su kaɗai, ko saboda rasuwar miji, ko saki, ko miji ya tafi ci-rani bai waiwayo ba. Unguwar Toukra da ke N'Djamena tana cikin wuraren da aka ga hakan a aikace.

Toukra da ambaliyar ruwa

Toukra tana gefen kudu na N'Djamena, cikin gunduma ta 9, wadda ke zaune tsakanin kogin Chari da kogin Logone. Chari yana tasowa daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Logone kuma daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, sai su haɗu a N'Djamena su nufi Tafkin Chadi. Ruwan da aka sheƙa a can kudu yakan ɗauki makonni kafin ya iso, shi ya sa kogunan suka fi cika a watan Oktoba da Nuwamba, lokacin da damina ta riga ta ɗauke a birnin.

A shekarar 2022 kogunan biyu suka tumbatsa, ruwa ya fasa shingaye ya mamaye unguwanni irin su Walia, gidajen ƙasa suka rurrushe. Ranar 19 ga Oktoba shugaba Mahamat Idriss Déby ya ayyana dokar ta-ɓaci, bayan ambaliyar ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a larduna 18 cikin 23 na ƙasar. Dubban iyalai suka koma zaman bukkokin tamfol a filayen da hukuma ta ware, kuma Toukra na cikin manyan waɗannan matsugunai. Hukumar Abinci ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar Red Cross ta Chadi suna cikin waɗanda suka kai ɗauki, kuma wani ɓangare na agajin da aka raba tsabar kuɗi ne. A 2024 ambaliyar ta dawo da ƙarfi fiye da na baya: ta taɓa dukkan larduna 23, ta shafi kusan mutum miliyan biyu, ta kuma yi sanadin rasuwar fiye da mutum 500.

Yadda ake bayar da shi

Da farko akan yi rajistar gidaje, a duba waɗanda suka fi rauni: gidan da mace ke riƙe da shi, mai juna biyu, mai shayarwa, tsofaffi da masu naƙasa. Daga nan sai a ƙiyasta mafi ƙarancin abin da gida ke kashewa a wata kan abinci, ruwa, sabulu, magani da makamantansu, a bisa farashin kasuwar wurin. Kuɗin sefa ne, kuma yakan iso hannu da hannu, ko ta wakilin banki, ko ta asusun wayar salula irin su Airtel Money da Moov Money. Wani tallafin sau ɗaya ne, wani kuma wata-wata na ɗan lokaci. Yawancin na gaggawa ba shi da sharaɗi: ba a gaya wa mace abin da za ta saya.

Dalilin da ya sa ya dace da uwa mai raino ita kaɗai

Buƙatun gida ba iri ɗaya ba ne. Wata tana da sauran gero amma ɗanta na fama da zazzaɓin cizon sauro, wanda ke ƙaruwa idan ruwa ya kwanta. Wata tukunya da tabarma ruwa ya tafi da su. Wata kuma kuɗin hayar ɗaki ɗaya take nema ta fitar da 'ya'yanta daga tamfol kafin sanyin hunturu. Idan buhun shinkafa aka ba su duka, wasu za su kai shi kasuwa su karyar da shi don su sami kuɗin magani, sai darajar agajin ta ragu.

Sannan ambaliyar takan zo daidai da komawa makaranta a watan Oktoba. Kuɗin littafi da kayan makaranta su ne ke raba yaron da zai koma aji da wanda za a tura talla ko bara. Haka nan ɗan jari: mai suyar ƙosai ko mai sayar da gyaɗa da ta rasa kaskonta da kayan awonta, kuɗi kaɗan zai iya mayar da ita bakin titi, ta fara ci da guminta, ta koma zubin adashi. Kuɗin kuma yana zagayawa a kasuwar unguwa, mai hatsi da mai gawayi su ma su amfana.

Mutane kan yi zargin cewa talaka zai barnatar da kuɗi idan aka ba shi. Wani nazari da masana biyu na Bankin Duniya, David Evans da Anna Popova, suka fitar a 2014, wanda ya tattara bincike daga Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya nuna cewa irin wannan tallafi ba ya ƙara kashe kuɗi kan giya da taba.

Iyakarsa da matsalolinsa

Kuɗi yana aiki ne inda kasuwa ke ci. Idan ruwa ya yanke hanya, kaya suka yi ƙaranci, farashi zai tashi ya cinye tallafin; a irin wannan hali raba abinci ya fi. Akwai matan da ke kuɓucewa rajista domin katin shaidarsu ya tafi da ruwa, ko ba su da waya, ko an rubuta gidan da sunan mijin da ba ya nan. Ajiye kuɗi a bukkar da ba ƙofa yana jawo ɓarayi. Wani lokaci kuma akan sami marasa tsoron Allah da ke neman kaso ko lalata kafin su sa sunan mace, alhali agajin kyauta ne, kuma hukumomin sukan tanadi hanyar kai ƙara.

Babbar iyakarsa ita ce ba ya gina gida kuma ba ya tare kogi. Tallafin wata biyu ko uku zai ciyar da yara, amma matar da ba ta da fili a kan tudu za ta koma inda ruwa ya kore ta, ta jira wata damina.

Darasi ga masallatai da ƙungiyoyi

Aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta lissafa faƙirai da miskinai da masu bashi cikin waɗanda suka cancanci zakka, kuma da yawa daga cikin waɗannan mata sun shiga rukunan nan. Kwamitin masallaci da ke tara taimako bayan ambaliya, a N'Djamena ko Maiduguri ko Maradi, zai iya koyon abubuwa huɗu: a rubuta sunan macen da kanta, a sa mata amintattu cikin masu tantancewa, a duba farashin kasuwa kafin a yanke adadi, a kuma sanar da ita sau nawa za ta karɓa domin ta tsara. A damƙa mata a asirce ba tare da ɗaukar hoto ba, domin mutuncinta da na 'ya'yanta yana cikin abin da ake son tserarwa.