Daidaita na'urorin auna igiyar rediyo

Daidaita na'urar auna igiyar rediyo shi ne gwada abin da take nunawa da wani tabbataccen ma'auni, domin a gano kuskurenta a gyara. Da irin waɗannan na'urori ake duba eriya da wayoyin turakun sadarwa, kamar na ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a jihar Kano, masu ɗaukar siginar 900 da 1800 MHz.

Daidaitawar iri biyu ce. Ta farko a ɗakin gwaji ake yin ta, galibi sau ɗaya a shekara, bisa ƙa'idar ISO/IEC 17025. Ta biyu injiniya ke yi a gindin turke kafin awo, inda yake ɗaura wa bakin na'urar sanannun ma'aunai uku, ciki har da mai ohm 50.

Matsalar ta fi yawa a mahaɗar waya, musamman da hunturu. Ƙura kaɗan a cikinta kan ɓata awo, har a sauke lafiyayyar eriya a banza. Shi ya sa ake goge mahaɗa da sinadarin isopropyl, a rufe ta da murfinta bayan aiki. Wajen ɗaurawa kuma, zoben waje kawai ake murzawa, don kada tsinken ciki ya lalace.