Shekara ɗari da goma sha ɗaya kafin tayar keke ta rabu da tub

A ranar 21 ga Oktoba, 1976, wasu matasa suka taru a saman wata hanyar burji kusa da garin Fairfax, a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya, don su ga wa zai riga wani isa gindin tsauni. Tsawon hanyar bai wuce kilomita uku da ɗoriya ba, amma gangarenta ya kai kusan mita 400. Kekunan da suka hau tsofaffin Schwinn ne na shekarun 1930 da 1940, waɗanda ake taka birkinsu da ƙafa. Kafin mutum ya iso ƙasa, giris ɗin da ke cikin birkin ya ƙone ya zama hayaƙi, sai an sake cusa sabo. Daga nan tseren ya samo sunansa, Repack, wato sake ɗura giris.

Masu tarihin wasanni sukan ce a nan aka haifi keken tsauni, kuma suna da gaskiya. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne dalilin da ya sa waɗannan matasa, su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, suka bar kekunan tsere na zamaninsu suka koma tonon tsofaffi a shagunan kayan gwanjo. Taya ce dalili. Tun 1933 kamfanin Schwinn ya fito da taya mai kauri, inci 26 da faɗin inci biyu da ɗan wani abu, kuma taya mai kauri tana iya tafiya da iska kaɗan. A kan kwalta ana son taya ta yi tauri. A kan duwatsu da saiwoyi kuwa, tayar da ta yi tauri tsalle take yi tana zamewa, mai laushi ce ke lanƙwasawa ta rungumi ƙasa. Tarihin tayar keken tsauni, daga wancan gangare zuwa yau, tarihin neman rage iska ne, kuma abin da ya tare hanya shekara da shekaru shi ne tub.

Shi tub ɗin ya zo ne da sunan mafita. A 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi ɗan Scotland mazaunin Belfast, ya yi rajistar taya mai iska bayan ya gwada ta a keken ɗansa mai ƙafa uku. A shekarar da ta biyo baya wani matuƙi mai suna Willie Hume ya cinye tsere a Belfast a kanta, masu yi mata dariya suka yi shiru. Ba a jima ba aka gano cewa wani ɗan Scotland ɗin, Robert William Thomson, ya riga shi yin rajistar irin wannan dabara tun shekarun 1840, rajistar Dunlop ta rushe, sunansa dai ya zauna. Kasuwar da ta buɗe ta jawo yunwar roba a duniya, kuma wani kaso na robar nan ya fito daga Kongo ta Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, inda aka riƙa kashe mutane da sare hannuwa a kan gaza cika awon da aka ɗora wa ƙauyuka. Laushin da Turai ta ji a kan sirdi yana da wannan farashi a bayansa.

Tayar Dunlop ta farko manne take da rim, saboda haka faci aikin yini ne. An ce abin da ya tunzura Édouard Michelin ke nan, lokacin da wani mai keke ya shigo masana'antarsu a Clermont-Ferrand da taya a sace, gyaran ya ci sa'o'i, aka kuma kwana ana jiran gam ya bushe. A 1891 'yan'uwan Michelin suka fito da tayar da ake iya cirewa, kuma a wannan shekara Charles Terront ya ci tseren Paris zuwa Brest da dawowa, kimanin kilomita 1,200, a cikin sa'o'i 71 da 'yan mintoci, a kan tayarsu. A Ingila, Charles Welch ya riga ya ƙirƙiro taya mai waya a baki da rim mai kwari a tsakiya. Tsarin da kowane mai faci ya sani ke nan har gobe: a ɓalle taya, a zaro tub, a tsoma a ruwa a nemi kumfa, a kankare, a shafa sholisho, a manna.

Bawul ɗin ma duk 'ya'yan wancan zamani ne. Na Woods, wanda ake kira na Dunlop, shi ne wanda ke kan tsofaffin Raleigh da Phoenix, mai ɗan siririn bututun roba a ciki wanda idan ya tsage iska ta tafi. Na Schrader, wanda kamfanin wani Bajamushe mazaunin New York ya ƙera a farkon shekarun 1890, yana da sifirin a ciki, kuma shi ne na mota da babur. Na uku, Presta, ƙirar Bafaranshe Sclaverand, siriri ne, faɗinsa milimita 6 a maimakon 8 na Schrader, ana kwance masa ɗan noti a kai kafin a ba shi iska. An so shi ne don ƙaramin rami ba ya raunana siririn rim na keken tsere. Rim ɗin keken tsauni na yau faffaɗa ne, bai damu da wannan milimita biyun ba, amma Presta ya bi 'yan tsere ya shigo gidan ya yi kaka-gida.

Da keken tsauni ya zama kayan kasuwa, bayan Breeze ya ƙera firam na musamman a 1977 kuma kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981, sai matsalar ta fito fili. Idan matuƙi ya rage iska don tayar ta kama ƙasa, to da zarar ya daki kaifin dutse sai tayar ta lotsa har rim, tub ya matse tsakanin ƙarfe da dutse, ya huje a wuri biyu kusa da juna. Saboda kamannin ramukan ne masu keke ke kiran wannan faci saran maciji. Maganinsa a ƙara iska, a kai awo 35 ko 40, fiye da abin da ake ba tayar ƙaramar mota, sai kuma keken ya koma zamewa. Ga kuma ƙaya. A busassun jihohin yammacin Amurka, babban abokin gabar tub shi ne tsidau, wannan dai da ke sa yaro ɗingishi a bayan gari, wanda ya shiga can a matsayin baƙon ciyawa ya bazu. Wasan ya girma, aka yi gasar duniya ta farko a Durango a 1990, ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996, amma gwanin gwanaye na iya rasa lambar zinare saboda rami biyu da ba su kai ƙwayar gero ba.

Abin mamaki, mota ta daɗe da tsallake wannan. Kamfanin B.F. Goodrich ya sanar da taya marar tub a 1947, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1950 sababbin motocin Amurka da ita suke fitowa. Keke ya makara ne don rim ɗinsa rariya ne: kowace wayar da ke riƙe da shi tana da nata rami, talatin da biyu ko talatin da shida, ga tayar kuma siririya ce har iska na iya tsatsowa ta jikinta.

A 1999 kamfanin Mavic na Faransa, tare da Michelin da Hutchinson, ya fito da tsarin da ya kira UST. Aka yi rim wanda bangonsa na waje ba shi da rami ko ɗaya sai na bawul, aka yi masa ɗan tudu da ke kulle bakin taya, aka kuma shafe cikin tayar da robar da iska ba ta ratsawa. Aiki ne na injiniyoyi, tsaf-tsaf, kuma ya kashe saran maciji tunda babu tub ɗin da za a matse. Sai dai tayar ta yi nauyi, ta yi tsada, kuma dole mutum ya sayi sabon rim da sabuwar taya gaba ɗaya. Ƙaya kuma tana nan tana aikinta.

Wanda ya ƙarasa aikin ba babban kamfani ba ne. Stan Koziatek, wani mai ƙere-ƙere a jihar New York, ya ɗauki hanyar da injiniya zai kira ƙazanta: a liƙe ramukan rim na yau da kullum da tef, a ɗaura bawul kai tsaye a jikin rim, a zuba ruwan roba mai ɗauke da ƙananan ɓarɓashi a cikin tayar. Idan ƙaya ta huda, iskar da ke neman fita ce za ta turo ruwan cikin ramin, ya daskare nan take, sau da yawa matuƙin bai ma sani ba. Ya fara sayar da kayan a farkon shekarun 2000 da sunan NoTubes. Dabarar ta fi ta Mavic arha da sauƙin nauyi, kuma ita ce ta yi nasara. Yawancin tayoyin da ake kira tublas a yau ba sa riƙe iska da kansu sai da wannan ruwa. Awon iska ya sauko zuwa ashirin da 'yan kai, wani lokaci ƙasa da haka.

Masu tallan tublas sukan yi magana kamar an kawar da wahala ne. A gaskiya sauya mata wuri aka yi, daga bakin hanya zuwa gida. Ruwan robar yana bushewa cikin 'yan watanni, ya fi saurin bushewa a wuri mai zafi, ya bar dunƙulen danƙo a cikin taya, don haka sai an riƙa dubawa ana ƙarawa. Zaunar da sabuwar taya a kan rim yana buƙatar iska mai yawa a bugu ɗaya, abin da famfon hannu ba ya iyawa koyaushe. A nan ne tsufan Presta ya bayyana: ƙofarsa ƙarama ce, ruwan roba na toshe ta, shi ya sa makanikai ke kwance cikin bawul ɗin kafin su hura, su kuma tsaya da bawul a sama idan za su rage iska. Sai a 2021 kamfanin Reserve ya fito da bawul mai suna Fillmore wanda aka tsara don wannan ruwa tun daga tushe, shekara ashirin da biyu bayan UST. Akwai kuma asarar da ba a lissafawa. Tub da sholisho fasaha ce da duk mai faci a duniya zai iya gyarawa da abin da ke cikin akwatinsa. Tublas na keke yana ɗaure mai shi da kwalbar da sai an sayo daga kamfani, kuma ga wanda keke abin neman abincinsa ne, wannan ciniki ba lalle ya biya ba.

Rage iskar ma ya haifi tasa matsala, domin yanzu rim ne da kansa ke dukan dutse. Daga wajen 2017 kamfanoni irin su CushCore suka fara sayar da zoben soso mai tauri da ake cusawa cikin tayar don ya kare rim, wato an fitar da abu ɗaya daga cikin taya an mayar da wani. Ramin da ya fi ƙarfin ruwan roba ana toshe shi da ɗan igiyar danƙo, irin wadda masu faci ke cusa wa tayar mota. Idan kuwa kaifin dutse ya yage gefen tayar, babu ruwa ko igiyar da za ta yi magani. Sai matuƙin ya kwance bawul, ya zubar da abin da ya rage na ruwan, ya laluba cikin tayar ya cire tsofaffin ƙayoyin da suka daɗe a soke ba tare da ya sani ba, sannan ya ɗauko tub ɗin da yake ɗaure da shi a jikin firam ya saka.