Daga Kududdufi zuwa Tankin Tarwaɗa

A ƙasar Kankiya da Kusada damina ba ta cika wuce wata huɗu ba. Saboda haka kifin da kakanni suka sani na tafki ne da kududdufi, ruwan da ba ya gudu, kullum sai ja da baya yake yi har ya ƙafe. Kifi biyu ne suka fi jure wannan hali. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska da ita, shi ya sa ake ganinta tana leƙowa saman ruwa tana komawa. Gaiwa kuwa binne kanta take yi a laka, ta kwanta har ruwan sama ya dawo. In tafki ya janye sai a fita su da koma, a kwashe abin da Allah ya hore. Sauran kifin miya banda ce da fatake ke kawowa daga Tafkin Chadi da Yawuri.

Kiwon kifi da gangan baƙon abu ne a Arewa. Turawan mulkin mallaka ne suka buɗe gonar kifi ta Panyam a Filato a 1951. A tsakiyar Katsina kuwa babban ruwan da ba ya ƙafewa ya samu ne a 1983, lokacin da aka kammala madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa, kusa da Dutsin-Ma, a zamanin Shugaba Shehu Shagari. Masunta sun samu wurin jefa raga rani da damina.

Abin da ya kai kifi har tsakar gida shi ne ƙyanƙyasar tarwaɗa ta hanyar allura, da tankin siminti ko na roba, da rijiyar burtsatse. Yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon wannan kifi. Amma tanki ba kududdufi ba ne: ɗaruruwan kifi a ɗan wuri, ana ɗura musu abinci safe da yamma. Suna fitar da amoniya ta mashaƙarsu, ragowar abinci yana ruɓewa a ƙasa, ruwa ya yi kauri ya soma wari. Mai kiwon da ya san aikinsa tun daga nesa yake ganewa, in ya hangi kifin sun yi cirko-cirko a sama, gashin baki a waje, sun ƙi cin abinci. Lokacin canjin ruwa ya yi, ko ma ya wuce.

Manyan gonaki a kudu sun ɗauko dabarar da aka inganta a Holan, inda ruwa ke zagayawa. Ya fita daga tanki ya shiga wani rami ya lafa datti ya kwanta, ya ratsa matatar da ƙwayoyin bakteriya ke cinye amoniya, famfo ya mayar da shi.  Duk rigimar a kan saurin gudu take. In ya yi yawa datti ba ya kwanciya, in ya yi kaɗan iska ta ƙare.

Wannan tsari yana son wutar da ba ta yankewa, abin da ƙaramin mai kiwo a Kankiya ba shi da tabbacinsa. Ya fi masa sauƙi ya zubar da ruwa ya jawo sabo, da janareta ko da sola. Masu dabara ba sa barin tsohon ya bi kwata, suna karkata shi zuwa lambu, domin taki ne ga alayyafo da tumatir.