Bama: Daga Fagen Yaƙi Zuwa Teburin Mai Shayi

Yau tarihin namu a kicin yake.

Ni dai in ana maganar kayan ɗanɗano, yajin ƙuli ne gwanina, sai man shanu a kan tuwo. Amma akwai wata farar aba da ta shigo mana ta zauna daram: a biredin mai shayi tana nan, a salak ɗin biki tana nan, a shawarma ma haka. Bama muke ce mata. To ba daga garin Bama na jihar Borno ta fito ba. Bama sunan samfurin kamfani ne da ya danne sunan asali, kamar yadda muke kiran kowane garin wanki Omo, kowane dunƙule Maggi. Sunanta na gaskiya mayonis.

Labarin da ya fi yaɗuwa ya kai mu shekarar 1756, farkon Yaƙin Shekara Bakwai tsakanin Faransa da Ingila. Akwai wani tsibiri a Bahar Rum mai suna Minorka, yau yana ƙarƙashin Sifaniya, amma a lokacin Ingilishi ke riƙe da shi saboda tashar jiragen ruwansa, Mahon. Sojojin Faransa ƙarƙashin Richelieu suka yi wa wurin ƙawanya har suka ƙwace shi. Abin ya yi wa Ingila ciwo ƙwarai, har ta gurfanar da kwamandan jiragenta John Byng, wanda aka tura kai ɗauki bai yi nasara ba, aka harbe shi a 1757.

Sai masu labari suka ce wai a walimar nasara kukun Richelieu ya nemi kirim ɗin madara ya rasa, ya ɗauko ƙwai da man zaitun ya kaɗa, aka sa wa abin sunan garin Mahon. Labari ne mai daɗi, amma ku lura da "wai" ɗin. Sunan mayonis bai fara fitowa a littattafan girkin Faransa ba sai farkon shekarun 1800, kusan shekara hamsin bayan yaƙin. Kuma mutanen wannan yankin sun daɗe suna daka tafarnuwa da man zaitun a turmi har ya yi kauri, suna kiransa alioli. Shi ya sa Sifaniyawa ke cewa Faransawa tararwa suka yi, suka tafi da ita gida, kuma har gobe wasunsu mahonesa suke ce mata. Wasu kuma sun ce sunan daga tsohuwar kalmar Faransanci ta gwaiduwar ƙwai ya fito. Ni hujjar mutanen tsibirin ta fi kwanta mini.

Yadda ta shiga kwalba kuwa a Amurka ne abin ya bunƙasa. Wani Bajamushe, Richard Hellmann, ya buɗe shagon abinci a New York a 1905, mutane suka riƙa son mayonis ɗinsa har ya koma zuba ta a kwalba yana sayarwa. A Japan kamfanin Kewpie ya fara tasa a 1925, da gwaiduwa zalla. Haka ta yi ta yawo har ta iso teburin mai shayin unguwarmu.

To me ya sa mai da ruwa, da ba sa ga maciji, suka haɗu a nan? Sirrin yana cikin gwaiduwa. Tana da wani sinadari, lesitin, da ke riƙe mai da hannu ɗaya, ruwa da ɗayan. In kana kaɗawa, man yana farfashewa ƙanana-ƙanana, sinadarin ya lulluɓe kowane ɗigo ya hana su komawa su haɗe.

Ranar da na fara gwadawa, ganin kuɗin kwalba ya tashi, gaggawa ta sa na juye man gyaɗa kofi guda a tashi ɗaya. Abin ya tsinke kamar ruwan koko, ƙanwata tana gefe tana dariya. Daga baya na gane: gwaiduwa ɗaya, cokalin ruwan lemon tsami, ɗan gishiri, sai mai ɗigo-ɗigo kana kaɗawa da maburgi. In ta fara kauri ka ƙara sakin hannu. Gwaiduwa ɗaya na iya ɗaukar kusan kofi guda. In ta tsinke kada ka zubar, fasa sabuwar gwaiduwa a wani kwano, ka riƙa zuba tsinkakkiyar a kai kaɗan-kaɗan, za ta dawo.

Amma ga inda nake so ku saurara da kyau. Ta gida da ɗanyen ƙwai ake yin ta, shi kuwa yana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela mai kawo gudawa da zazzaɓi. Da zafin garinmu da yawan ɗauke wuta, ba abar ajiya ba ce. Ku yi kaɗan, ku sa a firji, ku cinye cikin kwana biyu zuwa uku. In ta wuni a waje, a haƙura da ita. Mai ciki, ƙananan yara da tsofaffi kuwa, gara ta kwalba, tunda ita an tsarkake ƙwanta da zafi tun a masana'anta.

Gobe in mai shayi ya ce "a sa bama?", kun san tafiyar da ta yi kafin ta zo.