Badaƙalar Ben Johnson a Gasar Olamfik ta 1988

Badaƙalar Ben Johnson tana cikin mafiya muni a tarihin amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, wato magungunan da aka haramta wa 'yan wasa domin suna ba su ƙarfin da ba nasu ba. A ranar 24 ga Satumba, 1988, wannan ɗan tseren Kanada ya lashe gudun mita 100 a birnin Seoul cikin daƙiƙa 9.79, amma da gwajin fitsari ya nuna sinadarin stanozolol mai gina tsoka, sai aka ƙwace lambar zinariyar aka miƙa wa Carl Lewis na Amurka. Bayan an sake kama Johnson da amfani da irin waɗannan ƙwayoyi a 1993, an haramta masa shiga gasa har abada.