Allo a Matsayin Tushen Zanen Zamani: Nazari a kan Ibrahim El-Salahi

An haifi Ibrahim El-Salahi a Omdurman ta ƙasar Sudan a 1930, a gidan malami mai karantar da Alƙur'ani. Ya koyi zane a Khartum, sannan a makarantar Slade ta Landan daga 1954 zuwa 1957. Sau da yawa akan ɗauki zaman Landan a matsayin mafarin gwanintarsa, amma wannan maƙala tana ganin tushen yana can baya, a makarantar allon mahaifinsa.

Da ya dawo gida ya baje zanen da ya yi irin na Turawa, mutanen Khartum ba su kula ba. Wannan ne ya sa ya koma ga harafin Larabci, yana warware shi gaɓa-gaɓa, yana jan wutsiyarsa, har fuskoki da dabbobi da jinjirin wata suka riƙa fitowa daga tsakanin layuka. Launukansa ma suka koma na ƙasar Sudan: jan ƙasa, ruwan toka da baƙin tawada. Duk wanda ya san allon zayyana da ake yi wa ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani a Kano, ko adon bangon Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, zai gane wannan hannu tun kafin a yi masa bayani.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce ai Turawa ne suka ɗaga shi: Ulli Beier ya baje ayyukansa a cibiyar fasaha ta Mbari da ke Ibadan a farkon shekarun 1960, gidan Tate Modern kuma ya shirya masa babban baje koli a 2013. Gaskiya ne sun buɗe masa kasuwa, amma salon ba daga wurinsu ya zo ba. A 1975 gwamnatin Sudan ta Numairi ta tsare shi a kurkukun Kober wata shida ba tare da shari'a ba. A can yake zane a kan guntayen takardar buhun siminti, yana binne su cikin yashi don kada masu gadi su gani. Daga nan ya samo dabarar fara aiki da ƙaramin yanki, ya yi ta haɗa masa wasu har ya cika bango.

Suka ta biyu ta fi nauyi a wurin mai karatu Musulmi, wato batun suranta mai rai. Ba a musun cewa akwai surori a ayyukansa na farko. Sai dai bayan zamansa na Ƙatar, da ya koma Okusfod, ya duƙufa kan jerin zanen itacen gawo, wanda ke kaɗe ganye da damina ya tofo da rani. A yawancinsu babu mutum babu dabba, layuka ne miƙaƙƙu da aka ja da tawada, cikin natsuwar da ake bukata wurin rubuta allo.